Na'urar gano motsi marar waya: a ina zan kafa ta a gida?

Ɗanlami Mai Yadi:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. Ƙanina ne ya aiko mini da alam daga Abuja, irin wanda ba a ja masa waya. A cikin kwalin akwai uwar na'urar mai wurin sa sim, da masu gano motsi guda biyu, da na ƙofa guda uku, da jiniya, da rimot. Gidana ginin da ne: shago a bakin titi inda nake ajiye dilolin atamfa da shadda, sai soro, sai tsakar gida, sannan falo da ɗakuna. Niyyata in kafa ɗaya a shago tana fuskantar ƙofa, ɗayar kuma a tsakar gida saboda masu haurowa ta katanga. Kafin in huda bango, me kuka gani?

Mama Rahila:
Wa'alaikumus salam Malam Ɗanlami. Kafin masana su zo, don Allah kada ka saka hoton gidan a nan, kada kuma ka faɗi layinku. Mun yi yawa a wannan zaure, ba kowa muka sani ba. Bayanin da ka yi ma ya isa haka.

Ɗanlami Mai Yadi:
Gaskiya ne Mama, na gode. Ba zan saka ba.

Injiniya Bashir:
Malam Ɗanlami, madalla da ka tambaya kafin ka huda, domin duka wurare biyun da ka zaɓa sai an gyara.

Na farko, ta shago. Kada ka sa ta fuskanci ƙofa kai tsaye. Irin wannan na'ura ta fi kama mutumin da ya gilma ta gabanta daga gefe zuwa gefe, fiye da wanda ya nufo ta miƙe. Wanda ya taho a miƙe a hankali zai iya matsowa sosai kafin ta ankara. Ka nemi kusurwar shagon, wadda duk wanda ya shigo dole ya ratsa ta gabanta kafin ya kai ga diloli. Kusurwa ce ta fi, saboda yawancinsu faɗin ganinsu digiri 90 ne ko sama da haka kaɗan, to idan tana kusurwa ta rufe ɗakin gaba ɗaya. Tsayi kuma daga mita 2.1 zuwa 2.4 daga ƙasa, wato ɗan sama da kan ƙofa. Ka duba takardar cikin kwalin, za ka ga an rubuta tsayin da aka ƙera ta a kai. In ka kai ta can jikin silin, ƙarƙashinta ya zama makafin wuri, mutum ya bi ta gindin bango ya wuce. In ka sauko da ita ƙasa, nisan ganinta ya ragu, ga shi kuma hannu yana kai mata.

Na biyu, ta tsakar gida. Wadda aka ba ka ta cikin ɗaki ce, ba ta waje ba. Ka sa ta a tsakar gida, rana ta buge ta, ruwan Jos ya shige ta, shanya ta kaɗa a gabanta, akuya ta gilma. Ba za ka yi mako guda ba sai ka cire mata batir da hannunka. Ta waje daban take, tana da rufi mai hana ruwa, galibi kuma ido biyu gare ta, ba ta kuka sai duka biyun sun ga abu. Wannan ta biyun ka kai ta soro ko barandar da ke shiga ɗakuna, inda akwai rufi kuma dole a bi.

Ɗanlami Mai Yadi:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Amma ban gane maganar gilmawa ba. Ai ni gani nake ido ne, duk abin da ya motsa a gabansa zai gani.

Sadiya Unijos:
Baba Ɗanlami, ba hoto take ɗauka ba, ba ta kuma fitar da wani haske. Zafi take saurare. Jikin mutum yana fitar da zafi a matsayin wani haske da idonmu ba ya gani, ita kuma akwai ɗan ƙaramin abu a cikinta da ke jin canjin wannan zafin. Ka ɗauko ta ka duba farar robar nan ta gaba, ka karkata ta wajen haske. Za ka ga ba sumul take ba, an yanka ta gida-gida. Kowane gida yana kallon wani yanki na ɗakin, tsakanin yanki da yanki kuma akwai gurbin da ba ta gani, kamar ka ware yatsun hannunka. Idan mutum ya gilma, yana shiga yatsa ya fita, ya shiga na gaba ya fita, zafin yana zuwa yana ɗaukewa, wannan canjin ne ke tayar da ita. Wanda ya taho a miƙe kuwa yana iya daɗewa cikin yatsa guda, canjin kaɗan ne.

Shi ya sa ma ba ta gani ta cikin gilashi. In ka sa ta a falo tana kallon taga don ta kama na waje, ba za ta kama shi ba, gilashin yana tare irin wannan zafin. Amma rana idan ta faɗo ta tagar ta gasa ƙasa ko labule, iska ta kaɗa labulen, wannan za ta iya ɗauka mutum ne.

Hajiya Talatu:
Ni dai ku bari in faɗi nawa. An sa mana irin wannan a gida, yaron da ya sa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, lambarsa ma ta daina shiga. Tsakar dare sai jiniya. Mu tashi a firgice, maigida ya ɗauki tocila ya zagaye gida, ba kowa. Gobe haka, jibi haka. Daren farko maƙwabta sun fito har da masu sanduna. Da abin ya yi yawa ko taga ba mai buɗewa, da safe sai dai a ce Hajiya abinku ya hana yara barci. To ranar da ɓarawon gaske ya zo wa zai fito? Mun kashe ta, tana nan a bango ta zama ado. Malam Ɗanlami ka yi tunani kafin ka ɓata tsakaninka da maƙwabta.

Injiniya Bashir:
Hajiya, a ina ya kafa muku ita, kuma a wane lokaci na shekara ta fi yin haka?

Hajiya Talatu:
A falo, saman talabijin, tana kallon tagar gabas da ƙofar kicin. Lokacin sanyi abin ya fi tsanani.

Injiniya Bashir:
To kin ga ba na'urar ba ce, mai kafawar ne. Lokacin hunturu a garin nan wane gida ne ba a kunna hita ko a shigo da kurfoti? Ga ƙofar kicin, duk sanda aka buɗe ko iska ta tura ta, ɗumi ya kwararo cikin falo mai sanyi. Ga talabijin a ƙarƙashinta, shi ma zafi yake fitarwa. Ga tagar gabas. Duk abin da ake cewa a guje masa an haɗa miki a wuri ɗaya. Idan an mayar da ita kusurwar da ke bangon tagar, ta juya wa tagar baya tana kallon cikin ɗaki, nesa da kicin, ina da yaƙinin za ki ga bambanci. Sannan da dare idan kuna gida ba a kunna ta falo. Akwai maɓalli biyu a rimot: ɗaya na in an fita duka, ɗaya na in ana gida. Na gidan yana barin ƙofofi da shago a kunne, ya kashe na cikin ɗakuna, don wanda ya tashi shan ruwa ko alwalar asuba kada ya tayar da unguwa. Wannan ma sai an saita kowace na'ura an gaya wa uwar wane rukuni take.

Bitrus Bukuru:
Injiniya ka manta da tsaka. Ni tawa tsaka ce ta dame ni a sito.

Sadiya Unijos:
Tsaka jikinta ba ɗumi kamar namu, daga nesa ba za ta gan ta ba. Amma idan ta hau kan robar kanta, ta rufe wani yanki gaba ɗaya, dole ta ji canji. Haka gizo-gizo ko kyankyaso idan ya shiga ciki ta ramin sukuru. A toshe ramukan baya, a riƙa share yana a kusa da ita.

Baba Audu Tsohon Soja:
Yara, duk na karanta. Ni tambayata ɗaya ce. Ta yi kuka ƙarfe biyun dare, sai me? Na'ura ba ta kama ɓarawo, ba ta riƙe shi. Kare na gari da maƙwabci na gari da 'yan sintirin unguwa da ake biya a kan lokaci, su ne tsaro. Kuma ku tuna garin da muke. Wanda ya ga rikicin Jos na 2001, ya ga na 2008, ya ga na 2010, idan ya ji jiniya da tsakar dare ba ɓarawon atamfa ne zai fara zuwa masa a rai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jiniya ɗaya tana iya sa mata su ɗebi yara su fita, wani ya buga waya wata unguwa ya ce an shigo, kafin gari ya waye labari ya zama wani abu daban. Ina roƙonka Ɗanlami, kada ka kunna abin nan sai ka je wurin mai unguwa, ka sami shugaban 'yan sintiri, ka bi maƙwabtanka na dama da hagu da na bayan gida, Musulmi da Kirista, ka gaya musu. Ka kunna musu da rana tsaka su ji irin kukanta, su san daga gidanka ne, su san ma'anarta ɓarawo ne ba wani abu ba.

Mama Rahila:
Baba Audu, Allah ya ƙara girma. Wannan ita ce maganar. A layinmu wani ya gwada tasa da magariba bai gaya wa kowa ba, wata tsohuwa har ta faɗi wajen gudu.

Injiniya Bashir:
Baba, ban ƙi ko kalma ɗaya ba. Zan ƙara da cewa yawancin uwar na'urar ana iya saita tsawon kukan jiniya. Minti biyu ko uku ya isa, ba sai ta kwana tana yi ba. Ana kuma iya sa wani yanki ya zama na shiru, wato ta kira wayarka kawai ba tare da jiniya ba. Sai dai game da kare, ranka ya daɗe, kare ba ya kiran waya idan mutum yana kasuwa ko ya tafi ɗaurin aure Bauchi. Kuma masu fasa shago yanzu ba ƙofa suke bi ba, kwano suke ɗagawa su fasa silin su diro. Kwaɗo goma a ƙofa ba ya hana wannan, na ƙofa mai maganaɗisu ma ba zai ji komai ba tunda ba a buɗe ƙofar ba. Mai gano motsi ce kawai za ta kama wanda ya diro daga sama.

Baba Audu Tsohon Soja:
Wannan na yarda. Amma lambar da za ta kira, a sa ta wanda zai iya fitowa, ba ta ƙaninsa da ke Abuja ba.

Malam Iliya Lantarki:
Ni inda na saba da Injiniya shi ne marar wayar kanta. Shekaru ina wannan aiki, mai waya ta fi aminci. Ba batir da zai mutu, ba sigina da bango zai tare. Waɗannan masu arha da ake kawowa yawanci a kan mitar rediyo ta 433 suke magana, irin wadda rimot ɗin mota da na get suke amfani da ita. Wanda ya san abin da yake yi zai iya toshe siginar. Abin da ya fi damuna ma, da yawansu magana ɗaya suke yi: na'ura ta aika, uwa ta karɓa. Uwar ba ta tambayar ko 'yarta tana raye. Batir ya mutu, ko wani ya cire ta ya sa a aljihu, kai kana nan kana barci kana cewa akwai tsaro.

Injiniya Bashir:
Malam Iliya, a sabon gini kafin a yi filasta, ni ma waya zan ce a ja, ba gardama. Amma mutum yana da abu a hannu, gidansa tsohon gini, ka ce ya farfasa bango daga shago har falo? Ko ɗan haya, wane mai gida ne zai yarda? Waya a fili kuma ɓera yana ci, almakashi yana yankewa. Maganar toshe sigina gaskiya ce tana yiwuwa, amma ɓarayin da ke damun unguwanninmu da ƙarfen ɓalle kwaɗo suke yawo. Maganarka ta biyu ce mai nauyi. Malam Ɗanlami, ka duba takardarka ko an ce na'urar tana aika rahoton lafiyarta lokaci-lokaci, da rahoton batir ya yi ƙasa. Idan babu, to kai ne za ka zama mai duba ta: duk Juma'a ka kunna, ka gilma, ka tabbata ta amsa. Ka kuma duba bayanta ko akwai ɗan maɓalli mai sifirin. Shi ne ke sa ta yi kuka idan an buɗe murfin ko an ɓalle ta daga bango.

Malam Iliya Lantarki:
Duk Juma'a? Wata biyu zai yi ya gaji. Na san mutanenmu.

Ɗanlami Mai Yadi:
Malam Iliya, wanda yake ƙirga dila kullum kafin ya rufe shago ba zai gaji da gilmawa sau ɗaya a mako ba. Na buɗe bayanta, maɓallin yana nan. Amma ga wata matsala: na sa batir na gwada a kan tebur, ta yi ja sau ɗaya, na yi ta kaɗa hannu ba ta ƙara yi ba. Ko ta lalace ne a hanya?

Injiniya Bashir:
Lafiyarta ƙalau. Haka aka yi marasa waya don batir ya daɗe: idan ta kama motsi ta aika, sai ta yi barci na minti biyu ko uku, wasu ma ba sa farkawa sai wurin ya yi shiru. Akwai yanayin gwaji, ko dai ɗan maɓalli a ciki ko a saita daga uwar, wanda ke sa ta haska duk sanda ka motsa. Sannan idan ka sa batir ka ba ta kamar minti ɗaya ta daidaita kafin ka fara.

Ga yadda nake yi idan na je aiki. Ina fara haɗa kowace na'ura da uwar a kan tebur, in ba ta suna: shago, soro, ƙofar baya. Idan saƙo ya shigo wayarka da dare, kana so ka ga "shago" ne, ba wata lamba da za ka tsaya tunani ba. Daga nan in ɗauki na'urar in hau tsani, in manna ta da salatif a inda nake so, ban huda komai ba tukuna. In rufe ƙofar shagon, musamman idan ta ƙarfe ce, yadda za ta kasance da dare. Sai wani ya tsaya wurin uwar, ni kuma in zagaya shagon: ta bakin ƙofa, ta gindin bango, a tsaye, a duƙe, har da rarrafe. Kada ka yarda da mita 100 da aka rubuta a kwali, wannan a fili ne inda ba komai. Ƙofar ƙarfe, rufin kankare mai rodi, bangon dutse irin na tsofaffin gidajen Jos, duk suna cin sigina. Kada kuma ka ɗaura ta a jikin ƙarfe. Sai komai ya amsa sannan in huda, in sa roba a ramin, in ɗaure da sukuru. Salatif na gwaji ne kawai. Idan ka bar ta a kai, danshin damina zai sake shi, ta faɗo da dare ta tayar da kowa.

Abu na ƙarshe a shagonka: diloli. Ba ta gani ta bayan kaya. Yau ka gwada shago rabi, jibi kaya su iso ka jera har sama a gabanta, ka rufe mata ido da hannunka. Ka ja layi a bango inda kaya ba za su wuce ba, ka gaya wa yaran shago.

Mustapha Sola:
Ku bar ni in shigo ta ɓangarena, wuta da batir. Uwar na'urar tana da ɗan batir a ciki, amma na 'yan awanni ne. Mu da ake ɗauke mana wuta kwana da kwanaki, wannan ba zai kai ba. In kana da inbata ka sa ta a layinsa, in babu ka nemi ƙaramin batir da ɗan faranti na sola, ba ta cin wuta sosai. Ka sa mata abin kare tsawa, domin kowa ya san tsawar farkon damina a Filato. Idan taka tana da zaɓi tsakanin sim da intanet na gida, ka riƙe sim, saboda na'urar intanet tana mutuwa tare da wuta.

Sim ɗin ma a kula: a yi masa rajista da NIN kamar kowane layi, a cire masa lambar sirri, a riƙa sa masa kati, domin layin da aka bari ba a amfani da shi kamfani yana rufewa. Ka zaɓi layin da ya fi sabis a cikin ɗakin da uwar take, ba wanda ka fi so ba.

Batirin masu gano motsin kuma, ka duba irin nasu. Wasu CR123A suke ci, mai bolt 3, wasu kuma irin na rimot ɗin talabijin. Idan irin na rimot ne, ka sayi mai kyau, kada ka sa mai caji, domin shi bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, za ta yi ta kukan batir ya ƙare tun bai ƙare ba. Sanyin Disamba da Janairu kuma yana raunana batir mai arha, saboda haka ka canza kafin hunturu ya shigo.

Sadiya Unijos:
Amma sanyin namu yana da amfaninsa. Da yake bambancin zafin jiki da zafin ɗaki take ji, a nan Jos da muke sama da mita 1,200 aikinta ya fi kaifi. Ƙanin Baba Ɗanlami da ke Abuja, a watan Maris idan ɗaki ya gasu ya kusa zafin jikin mutum, tasa sai ta rage gani. A nan ƙurar hunturu ce abin lura, a riƙa goge robar da busasshen ƙyalle mai laushi. Masu fenti kuma a hana su shafa mata.

Hajiya Talatu:
To ni ina da mage, ita fa?

Injiniya Bashir:
Akwai waɗanda aka yi don gida mai dabba, suna kau da kai daga abin da bai kai wani nauyi ba, za ki ga an rubuta kilo nawa a kwalin. Amma sharaɗin dabbar tana ƙasa. Mage kuwa hawa take yi. Idan ta ɗare kan kujera ko kabad kusa da na'urar, girmanta a idonta ya zama na mutum. A kawar da abin hawa daga gabanta, ko a fitar da magen daga falon kafin a kunna.

Bitrus Bukuru:
Malam Ɗanlami, kada ka sa uwar a bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara gani. Akwai 'yan daƙiƙoƙi da take ba ka ka kashe ta idan ka shigo. Cikin wannan lokacin ɓarawo zai iya fizge ta ya buga da ƙasa kafin ta kira kowa. Ka ɓoye ta a ɗaki, jiniya kuma a sama inda sai da tsani.

Ɗanlami Mai Yadi:
Allah ya saka wa kowa. Ga abin da na tsayar: ta shago a kusurwar hagu sama da kantar shagon, ta biyun a soro, uwar a ɗakina a layin inbata. Gobe bayan la'asar zan ga mai unguwa, Asabar da hantsi mu gwada jiniya. Lambobin da zan sa: tawa, ta babban ɗana, ta shugaban 'yan sintiri idan ya amince. Saura katanga. Injiniya, ta wajen da ka ce mai ido biyu, za ta yi magana da uwar da nake da ita, ko sai na sayi wata?

Injiniya Bashir:
Ba kowace ke jituwa da kowace ba, ko da mitar ɗaya ce, saboda yaren da suke magana da shi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Kada ka saya da ka. Ka cire uwar ka tafi da ita shagon masu kayan lantarki a Ahmadu Bello Way, a haɗa su a gabanka ta amsa, sannan ka biya. Ka auno mini tsawon katangar da inda akuyoyin suke kwana, sai in gaya maka ko guda ɗaya za ta isa.

Malam Iliya Lantarki:
Ta katangar dai a ja mata waya. Tsakar gida ce, ba bangon da za a fasa, a bi da ita cikin bututun roba ta gindin katanga. Ɗanlami ka duba bayan uwar ko akwai wurin ɗaura waya, wasu suna da guda biyu ko huɗu.

Ɗanlami Mai Yadi:
Akwai wasu ƙananan ramuka masu sukuru a bayan, an yi rubutu a kansu amma sai na nemo tabarau. Bari yaro ya dawo daga islamiyya ya karanta mini, zan rubuto muku abin da ke jiki.